Leda Ba Ta da Gaɓa

'Yan'uwana ɗalibai, a cikin kalmomin aro da suka shigo Hausa a ƙarnin da ya wuce, da wuya a sami wadda ta yi ɓatan hanya irin kalmar "leda". Asalinta kalmar Ingilishi ce da ke nufin jemammiyar fata, irin wadda dukawa ke ɗinka takalmi da jaka da ita. To amma yau idan ka aiki yaro kanti ka ce ya karɓo maka leda, ba fata zai kawo maka ba. Haka nan kalmar "roba": asalinta sunan ƙaron wata bishiya ne, yau kuwa bokiti roba ne, buta roba ce, kujerar gidan biki ma roba ce. 'Yan'uwanmu na kudu su kuma "nailan" suke ce wa leda, alhali kuwa nailan wani abu ne daban. Ke nan dukkanmu mun raɗa wa baƙo suna tun ba mu tambaye shi daga inda ya fito ba.

Malamanmu sun koya mana cewa ma'anar kalma takan faɗaɗa, takan ƙuntata, takan ma yi ƙaura ɗungurungum, kuma wannan ba aibi ba ne ga harshe. Haka ne. Sai dai sanin sunan abu daban, sanin halinsa daban, kuma rashin sanin halin leda yana ci wa mutane dukiya. A gidanmu na ga hakan.

Mu mahauta ne, gadon fawa muka yi kaka da kakanni a cikin garin Jos. Wata shekara gab da babbar salla mahaifinmu ya sayi wata saniya da kuɗin da rabinsu bashi ne. Ga ta nan ciki ɗam, duk wanda ya kalle ta zai ce ta ƙoshi. Da aka kayar da ita aka feɗe, sai ga nama ba auki, ba kitse ko na shafawa. Aka farka tumbi, aka tarar da leda ta murɗe ta dunƙule kamar an tufka igiya, baƙa da fara da ta ruwan sha, har ta cika babban bokiti. Ashe dabbar nan da yunwa take yawo, ciki a cike. Ranar Baba bai yi faɗa da kowa ba. Da dare ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, yana lulluɓe da bargo saboda sanyin Jos ba ya tambayar wata, ya sa aka kira yayanmu.

Shi yayan namu a lokacin yana digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Baba ba ya kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari. Ya ce, "Kai, shekara nawa kana karatun haɗa sinadaran nan? Faɗa mini, saniyar da ke narkar da kara da tattaka da ƙaiƙayi, me ya hana ta narkar da wannan 'yar aba mai laushi da yaro ke yagawa da yatsa?"

Yaya ya durƙusa ya soma bayani, amma kafin ya yi jimla uku ya zarce cikin Turanci. Ba rashin sani ba ne, domin kuwa a kan irin waɗannan abubuwa yake bincikensa. Ilimin ne ya shige shi da wani harshe, ya ƙi fitowa da wani. Baba ya juyo gare ni ya ce, "To kai mai karatun Hausa, me yake cewa?" Da haka na zama tafinta tsakanin uba da ɗansa, dukkansu Hausawa. Kwana huɗu muka yi ni da Yaya, yana zana mini a takarda ina neman kalma, kafin mu koma gaban Baba. Abin da muka kai masa shi nake so in kawo muku.

Komai na duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai wadda ake kira kabon, kuma ba baƙuwarmu ba ce, don ita ce jikin gawayi. Ita ce kuma bakin fensir, ita ce lu'ulu'un daimon. Ƙwayar ɗaya ce, yadda aka jera ta ne ya bambanta. A daimon kowace ƙwaya ta riƙe huɗu ta kowane ɓangare, shi ya sa ya yi tauri. A bakin fensir kuwa an jera su faifai-faifai, wani a kan wani, faifan suna zamewa, shi ya sa yake barin baƙi a takarda. Mu mutanen Jos ma muna da tsohuwar ma'amala da kabon. Kuzar da aka gina garin nan a kanta ƙarfe ne da iskar oksijin ta maƙale masa, kuma gawayi ne ke ƙwace oksijin ɗin cikin wuta ya bar zallan ƙarfen. Da gawayi maƙeran Riruwai da na Liruwen Dalma suke narka kuza tun kafin Turawa su hau tsaunin nan a farkon shekarun 1900, kuma da kabon ɗin dai masana'antar Makeri ta fara narka ta a farkon shekarun 1960.

Sirrin kabon shi ne tana da hannu huɗu. A shekarar 1858 wani Bajamushe, August Kekule, da wani ɗan Sikotilan, Archibald Couper, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa ƙwayar kabon tana iya riƙe ƙwayoyi huɗu, kuma tana iya riƙe 'yar'uwarta kabon. To ka ga idan ta kama ta gabanta da hannu ɗaya, ta kama ta bayanta da ɗaya, saura hannu biyu ta riƙe wani abu da su, layin zai iya tafiya ba iyaka. Leda ke nan. Ana samo wata iska mai suna etilin daga man fetur ko iskar gas, kowane ɗan curinta kabon 2 ne da haidirojin 4. Sai a sa su kama hannun juna, dubbai a jere. A shekarar 1933 aka yi kiciɓis da wannan abu a wani kamfanin sinadarai na Ingila, ICI, lokacin da Eric Fawcett da Reginald Gibson ke gwaji da matsanancin matsi. A nan gida kuwa, masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal tana yin ƙwayoyin da ake narkawa a hura leda da su.

Irin wannan dogon layi shi masana ke kira polima. Su kansu masanan sun daɗe ba su yarda akwai shi ba. Da Hermann Staudinger ya faɗa a 1920 cewa roba da auduga dogayen layuka ne na ƙwayoyi dubbai masu riƙe da juna, manyan fannin sun yi masa ca, sai a 1953 aka ba shi lambar Nobel a kan maganar da aka yi masa dariya dominta.

Da muka zo nan, Baba ya ɗaga carbinsa ya ce, "Wato kamar wannan." Yaya ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, don ba ya iya ce wa Baba a'a. Daga baya ya ce, "Baba, ya yi kusa. Sai dai carbi akwai zare a cikinsa, in zaren ya tsinke 'ya'yan sun watse. Wannan kuwa babu zare, su ne ke riƙe da junansu." Na ce to ai sarƙa ke nan, kowane zobe shi ne mariƙin ɗan'uwansa. Yaya ya buga cinya ya ce ita ce.

Ku duba alherin da ke cikin kalmar gida idan ta dace. Da muka sami "sarƙa", sai ta jawo mana danginta. Akwai robar da sarƙoƙinta ke kwance kusa da juna kawai, kamar taliya a tukunya. Idan ta ji wuta sai su zame, ta narke, a sake zuba ta a wani mazubi. Ita ce 'yan jari-bola ke saye, tsohon bokiti ya koma buta. Akwai kuma wadda aka ɗaure sarƙoƙinta da juna ta gefe-gefe, irin tayar mota da ake ɗaure nata da farar wuta. Wannan ko ta sha wuta ba ta narkewa, sai dai ta ƙone. Me za mu kira ta? Sarƙaƙiya. Ba mu ƙirƙiri komai ba, kalmar tana nan tun zamanin kakanni tana jiran aikin.

Saura tambayar Baba ta asali. A nan ne Yaya ya faɗi abin da ya ba ni mamaki: ciyawa ma sarƙa ce. Kara, auduga, rama, takarda, duk jikinsu wata sarƙa ce mai suna selulos, wadda zobbanta sukari ne irin na gulukos. Sitacin da ke cikin tuwon masara shi ma sarƙar wannan sukarin ce, yadda aka juya zobban wajen haɗawa ne kawai ya bambanta, kuma wannan ɗan juyin shi ya sa cikin ɗan'adam ke narkar da tuwo amma ba ya narkar da kara. Saniya ma ba da ƙarfinta take yi ba. Akwai ƙananan halittu birjik a cikin tumbinta, su ne ke fitar da wani sinadari da ke datse sarƙar. Kuma ba ko'ina suke datsewa ba. Tsakanin kowane zoben sukari da na kusa da shi akwai ƙwayar oksijin guda ɗaya da ta haɗa su, nan ne wurin yanka. Sarƙar leda kuwa kabon ce riƙe da kabon tun daga farko har ƙarshe, an lulluɓe ta da haidirojin, babu oksijin a tsakani, ko ruwa ba ya kama jikinta.

Ina cikin laluben yadda zan faɗi wannan, sai Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Dakata. Na gane. Ba ta da gaɓa." Muka dube shi. Ya ce, "Mu in za mu raba ƙafar sa, ai ba tsakiyar ƙashi muke sa wa wuƙa ba, gaɓa muke nema. Ciyawa tana da gaɓa, wuƙar cikin tumbi ta san wurin. Ita wannan ƙashi ɗaya ce miƙaƙƙiya." Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a duk littattafan da ya karanta bai ga wanda ya faɗe ta a taƙaice haka ba. Hausawa dai sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Wannan rashin gaɓar shi ne amfanin leda, shi ne kuma sharrinta. Shi ya sa take riƙe ruwan sha da koko da manja ba ta jiƙa. Shi ya sa kuma idan an yar da ita take nan shekara da shekaru, a bola, a lambatu, a bakin kogin Dilimi, rana ta farfasa ta ƙanana-ƙanana amma ba ta koma ƙasa ba. A da goro a ganyen fita yake zuwa, hatsi a buhun algarara, har ma kamfanin NASCO da muka sani da biskit ya fara ne a Jos a 1963 da saƙa irin wannan buhu. Waɗannan duk masu gaɓa ne, in sun tsufa gara da damina su gama da su, akuya ta ci ganyen ta ƙoshi. Yau buhun da ganyen duk sun koma roba, dabba kuwa tana jin ƙanshin gishiri da mai a jikin leda sai ta haɗiye.

Kwana biyu bayan haka kakarmu, wadda muke kira Inna, ta tare Yaya da tata tambayar. Ta ce ita tun da yake karatun nan ba ta taɓa ganin ya shigo da kwalba ko garin magani ba, kullum yana gaban kwamfuta kamar akawu. "Wane irin mai haɗa magani ne ba turmi ba taɓarya?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ni lissafi nake yi kafin masu turmin su daka."

Gaskiyarsa ke nan. Akwai reshen wannan ilimi da ake kira kimiyyar sinadarai ta lissafi. Hannuwan nan da muke cewa kabon tana da su, a haƙiƙa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu ɗauke da lantarki, ana ce musu ilaktaron. A 1926 Erwin Schrödinger ya fito da lissafin da ke bayyana yadda suke kai-kawo, a 1931 kuma Erich Hückel ya sauƙaƙa shi yadda za a iya aiki da shi a kan zobban kabon da fensir da takarda. Da kwamfuta ta zo sai abin ya bunƙasa, har aka ba Walter Kohn da John Pople lambar Nobel a 1998 saboda hanyoyin lissafin da masu bincike irin Yaya ke amfani da su. Mutum zai zana curin ƙwayoyin da ba a taɓa haɗawa ba, ya tambayi na'ura: zai tsaya ko zai wargaje? Wane launi zai yi? Ina ne rauninsa? Kuma ma'aunin da suke aiki da shi abin a riƙe baki ne. Tazarar da ke tsakanin kabon da kabon a sarƙar leda, sai an jera irinta kusan miliyan 6 da rabi kafin a cika milimita 1.

Sau da yawa lissafin kan riga ido gani. A 1970 wani Bajapane, Eiji Osawa, ya ce ƙwayoyin kabon 60 za su iya haɗuwa su yi siffar ƙwallon ƙafa, mai fuska 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida. Sai a 1985 Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano ta a ɗakin gwaji. Haka nan a 1947 Philip Wallace ya lissafa halin faifai guda ɗaya tak na bakin fensir, amma ba a riƙe shi a hannu ba sai a 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro shi da salatef a Jami'ar Manchester.

Shi Yaya nasa binciken a kan wata irin sarƙa ce da kabon ke riƙe 'yar'uwarta da hannu ɗaya, ta gaba da hannu biyu, ɗaya, biyu, haka har ƙarshe. A irin wannan jeri wasu ilaktaron sukan sami hanya su yi ta yawo a tsawon sarƙar. Mun saba da cewa roba ita ce rigar wayar lantarki saboda wuta ba ta bin ta, to amma a 1977 Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa irin wannan robar, idan an sa mata aidin, tana ɗaukar wuta. Sun sami Nobel a shekarar 2000. Da Inna ta ce ita fa ba ta ga wannan a Jos ba, sai ya aike ni kicin na ɗauko karas ɗin da aka sayo a Farin Gada. Ya ce launin nan nasa daga wani curi ne mai kabon 40, wanda a tsakiyarsa akwai irin wancan riƙo na hannu biyu har guda 11 a jere. Tsawon jerin ne ke sa ya shanye shuɗin haske ya bar mana ruwan lemo. Jan tumatir ma danginsa ne. Inna ta juya karas ɗin a hannunta ta ce, "Ikon Allah. Ashe lissafi muke ci."

Masu irin wannan lissafi suna cikin masu neman yadda za a ƙera robar da aka dasa wa gaɓa da gangan, ta yi aikinta sannan ta ruɓe. Akwai ma alamar hanya. Robar gorar ruwa, ba kamar leda ba, tana da oksijin a cikin sarƙarta, kuma a 2016 masu bincike a Japan suka ba da rahoton wata ƙwayar bakteriya da ke iya datse ta a daidai wurin. Maganar Baba ce dai: inda gaɓa take, nan wuƙa ke shiga. Wasu ƙasashe kuma ba su jira ba, Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

To mu ɗaliban harshe, ina ruwanmu? Ruwanmu a nan yake. Waɗanda suka san halin leda suna magana da Turanci a ɗakunan karatu. Waɗanda leda ke ci wa dukiya da lafiya kuwa, makiyayi da mahauci, da mai ƙulla alala mai zafi a cikinta, da uwar gidan da ke hura gawayi da ita tana shaƙar hayaƙin, da Hausa suke tunani. Idan aka ce musu "a daina yar da leda" kawai, umurni ne, kuma umurni yakan bi iska. Idan aka ce musu ba ta da gaɓa, cikin dabba ba shi da wuƙar yanka ta, an ba su dalili, shi kuwa dalili yakan zauna. Tun daga shekarar nan Baba ya sa buhu a gefen teburinsa yana tara ledar da aka yar, kuma ba ya sayen dabbar da ta yi kiwon bola sai ya danna cikinta ya ji. Ba wanda ya umurce shi.

Magabatanmu sun share fage. Bargery ya tattara ƙamusunsa a 1934, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya jagoranci fitar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yara na iya koyon lissafi da kimiyya da harshen uwa. Abin da ya rage aikinmu ne, kuma darasin da na ɗauka daga tsakar gidanmu shi ne ba a yin sa a zaune a ɗaki ɗaya. Da ni kaɗai ne da ƙamus, da na rubuta "polima" na wuce, ba wanda ya ƙaru. Da Yaya ne shi kaɗai, da har yanzu yana Turanci. Sai da aka haɗa mai ilimin abin, da mai neman kalma, da mai sana'ar da ya shekara arba'in yana riƙe da wuƙa, sannan "sarƙa" da "gaɓa" suka fito. Inda babu kalmar gida, kamar kabon da oksijin, mu ara ba tare da jin kunya ba, haka kowane harshe ke yi. Inda kuwa akwai, kada mu tsallake ta.

Saboda haka ina ba mu shawara, ni da ku. Tsangayar kimiyya ba nisa gare ta da tamu ba. Kowannenmu ya nemi aboki ɗaya a can, ya ce ya bayyana masa abu ɗaya tak daga cikin karatunsa, kada ya ƙyale shi sai ya gane. Sannan ya ɗauki abin ya kai wa maƙeri ko marini ko manomin dankali ko kakarsa, ya saurari kalmar da za su mayar masa da ita, ya rubuta ya kawo wa wannan mujalla. In muka yi haka shekara ɗaya, za mu tara abin da ya fi ƙarfin shafukan nan. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu amfanar da wasu da shi, amin.